Aduwa Kwance

Bana ma ruwa ya yi mana nawa. Watan shuka ya kama, ya raba, har ya nemi fita, sararin sama kuwa fari fat. Da la'asar hadari yakan haɗu a gabas ya yi baƙi, mata su kwashe shanya, yara su fara tsalle, sai iska ta zo ta watsa shi ta bar mu da ƙasa a cikin tuwo. Ina zaune gidan ɗana a nan Filinge, ƙarƙashin rumfar kwano mai zafi kamar murhu, ina jin maƙwabta suna kukan tsadar hatsi.  Mutumin da ke da kasuwa a bayan gida da shinkafa a shago, in ya ce mini yunwa, sai dai in ce Allah ya kawo sauƙi in ci gaba da jan carbina.

Cikin wannan zaman jiran ne jikata Bibata ta zo hutu. Ita ce malamar lakwal, wato makarantar boko, a ƙauyenmu, Aduwa Kwance, inda aka kai ni aure, inda na haifi ƴaƴana duka. Ko mayafi ba ta cire ba ta zauna a bakin tabarmata.

“Kaka, ɗiyan lakwal sun tsare ni da tambaya. Wai wa yas sari garinmu, mi as sunanai? Na tahi wajen tsohhin gari, biyu sunka ba ni suna biyu, kowa na rantsuwa. An ce ke ɗai kinka rage cikin waɗanda sunka zamna gida guda da shi.”

Na ce, “Uban mijina na.”

“Na sani. Sunan nika biɗa.”

“Ke, ba ki da kunya? Ni za ni kama sunan uban mijina da bakina? Tashi ki ba ni wuri, ga hura can ki dama.”

Ta yi dariya har da riƙe ciki, wai mutumin da ya rasu tun babanta yana goye. Yaran yanzu ke nan. Mu a zamaninmu mace ba ta faɗin sunan miji, balle na ubansa. Ba ta haɗa ido da uban miji, ba ta cin abinci yana gani, in ta hango shi a hanya sai ta ratse ta durƙusa har ya wuce. Sunansa na yanka yana nan a takardun ƴaƴansa, irin wanda kowane gida ke da shi ne. Abin da Bibata ke nema laƙabinsa ne, wanda ƙasar Kurfai ta san shi da shi, wanda garin ya ci shekara da shekaru kafin ya koma Aduwa Kwance. Komawar kuwa a gabana aka yi ta, a shekara irin ta bana, sai dai ta fi ta mugunta nesa ba kusa ba.

Baba, haka muke kiransa, ba haifaffen wurin ba ne, don kafin shi babu wurin. Inna, uwar mijina, ita ta ba ni labarin muna kaɗi. An haife shi a wani gari cikin kwarin da muke kira dallol, gidan maza da yawa gona kaɗan. Da ubansu ya rasu aka raba, abin da ya samu bai isa ya ci da mutum biyu ba, ga Nasara suna kamen samari aikin tilas. Sai ya ɗora Inna a jaki tana amarya, da gatari da sungumi da ɗan iri a gora, ya nausa dajin da sai maharba da makiyaya ke ratsawa. Ƴan uwansa suka ce kura ce za ta yi musu jana'iza.

Inda ya sauka akwai wata aduwa da iska ta kayar tun da daɗewa. Ta kwanta a ƙasa amma ba ta mutu ba, rassanta suka miƙe sama daga kwancen, makiyaya suna kwatance da ita. Ya ga ganyenta shar a tsakiyar rani, ya ce wa Inna akwai ruwa a ƙarƙashin nan. Shi yana haƙa, ita tana jan ƙasa da kwando. Ramin farko ya rufta, saura kaɗan ya binne shi, wani kuma ya ci karo da dutse. Inna ta ce ranar da ya ɗago damshin yashi a tafin hannu, miƙo mata kawai ya yi, ta sa a baki. Ɗansu na fari a nan suka haife shi, a nan suka binne shi su biyu, suka jibga ƙaya a kan kabarin saboda kura.

Daga baya mutane suka fara zuwa. Ƙanensa, sai wani maƙeri, sai Zabarmawa daga wajen Bonkuku, sai wasu da ba a ma tambaye su daga ina suke ba. Kowa ya zo, Baba zai ɗauki sanda ya kai shi daji ya nuna masa, daga gezar nan zuwa sabarar can naka ne, ka noma. Bai taɓa karɓar dami ɗaya a hannun kowa ba. Abu ɗaya ne nasa, sunan gari. Tunga ce da sunansa a kanta, kuma a kan wannan ba ya wasa. In Bafillace ko Buzu ya zo shayar da dabbobi ya ce, “Sannunku mutanen Aduwa Kwance,” Baba zai bar shi ya sha, ya shayar, ya cika salka, sa'an nan ya tsare shi: “Icce yah haƙa maka rijiyag ga? Garin ga da mai shi. Hwaɗi in ji.” Sai mutum ya faɗa daidai zai sallame shi. Mu mutanen gidansa kuwa, ko da wasa wancan suna na makiyaya ba ya fita bakinmu. Wani jikansa ya taɓa faɗa, ya sha tsumagiya.

To ga mu nan, matan ƴaƴansa uku, muna zaune a garin da ba mu da bakin faɗin sunansa. Yaya Gambi ce babba, sai Zali, Bazabarma ƴar Bonkuku, sai ni ƙarama, da Baba ke kira Ta Tabla don daga can aka kawo ni. Abin bai taɓa damunmu ba. In mun je biki aka tambaye mu, sai mu sunkuyar da kai mu ce garin Baba, wata a gefe ta faɗa mana, a yi dariya a wuce.

Shekarar da nake faɗa, damina ce ta fara cin amanarmu. Ruwa ya sauka sau ɗaya mai kyau, muka fita da sungumi har da tsofaffi, hatsi ya tsiro ya yi ganye. Sai ruwa ya ɗauke. Iska mai zafi ta kwaso yashi ta binne shukar, abin da bai binnu ba ya ƙone. Aka sake shuka, aka sake. Wanda ya kai ga fitar da kai, in kin murza zangarniya a hannu sai ƙaiƙayi. Gonar gandu da ke cika rumbuna, dammunan da aka ɗaure yara ne suka kwaso su a ka.

Maza suka taru a gindin aduwa suka yanke shawarar tafiya Kurmi, can ƙasashen bakin teku, neman aiki. Mijina da yayyensa biyu suka tafi, ina da goyon Hadiza, ko zama ba ta fara ba. Samarin da suka tasa aka haɗa su da sauran shanu aka tura kudu neman ciyawa. Aka bar gari da mata da ƙananan yara da tsofaffi.

Baba yana da rumbun tsimi, wanda ba a buɗewa sai irin wannan rana. Shi da kansa yake hawa kowace safiya ya fiddo hatsi, kuma ba gidansa kaɗai yake aunawa ba, duk gidan da hayaƙi bai tashi ba sai ya aika. Tun muna tuwo da dare da fura da rana, aka koma fura kaɗai. Furar ta koma ruwa-ruwa, kina hango ƙasan ƙwarya. Dusar da muke ba awaki muka fara tankaɗewa muna dafawa. Da rumbu ya ƙare muka shiga daji.

Anza, ƴar bishiyar dajin nan mai ɗacin ƴaƴa, ita ce ta riƙe mu. Tun asuba muke fita mu uku, mu tsinko ƴaƴanta, mu shanya, mu ɓare, mu jiƙa, kullum a zubar da ruwa a sake wani har ɗacin ya ragu, sa'an nan a dafa da ƴar kanwa. Ko an yi haka, tana sauka ciki yana murɗawa. Zali ce ta koya mana tonon gidan tururuwa. Za ki bi layinsu har rami, ki yi ta haƙa suna cizonki, in Allah ya taimake ki ki tarar da ƴar tsabar ciyawar da suka tara. Ranar da ta fara nuna mana, tana haƙa tana ba su haƙuri da Zabarmanci, Yaya Gambi ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ban ƙara jin dariyarta ba a wannan rani.

Sai bazara ta shigo da zafin da ban taɓa ji ba kafin nan, ban kuma ƙara ji ba. Kafin hantsi yashi ya gasa ƙafa, sai mun ɗaura tsumma. Numfashi ma da zafi yake shiga. Awaki suka yi ta faɗuwa, jakinmu ya kwanta a bakin rijiya bai tashi ba, warin mushe ya cika gari har muka daina jin sa. Yara suka bar wasa, suna kwance a inuwa ciki a kumbure, gashin kansu ya yi ja. Nonona ya ja baya. Hadiza takan kama ta tsotsa ta saki ta dube ni, ko kukan kirki ba ta iyawa.

Gidaje suka fara tashi. Maƙeri ya ɗaure kayan ƙirarsa ya zo sallama, Baba ya raka shi har bayan gari ya ce masa gonarka tana nan. Zabarmawa suka bi. Ƙanen Baba ma ya tafi da nasa. Kowane gida ya tashi, Baba yakan je da yamma ya gyara danga ya jingine ƙofa da kyau, don kada mai shi ya dawo ya tarar da kango. Har aka wayi gari hayaƙinmu kaɗai ke tashi.

Rijiya ma ta ja baya, guga yana fitowa da laka. Baba ya ce sai an yashe ta, in aka bari ta toshe, gari ya mutu. Babu namiji sai shi, tsoho mai furfura har a gira. Ya ɗaura igiya a ƙugu ya ce wa Inna ta gaya mana mu riƙe. Haka ake yi, yana tsaye kusa da mu amma sai ya faɗa wa Inna, Inna ta faɗa mana. Muka riƙe, kanmu a sunkuye, ran mutumin da ba ma iya kallo yana hannunmu. Ba shi da nauyi ko kaɗan, wannan ne ya ba ni tsoro. Da ya kai ƙasa yana cika kwando da laka muna ja, igiya tana yanka tafi, jiri yana ɗibarmu. Ruwa ya dawo. Amma wajen fitowa wani icen ɗaurin bakin rijiya ya zame ya faɗo masa a ƙafa, ta kumbura, daga ranar sai jan jiki.

Da yamma ya sa Inna ta tara mu. Ya ce in anza ta ƙare mu ɗauki yara mu nufi gidajen iyayenmu, shi yana nan da rijiyarsa. Inna ta ce ita ma tana nan, tare suka zo. Kowa ya san ma'anar wannan magana. In muka tafi, tsofaffi biyu za su mutu a gindin aduwa babu mai ja musu ruwa, mazajenmu su dawo su tarar babu gari. Anza kuwa ta kusa, sai mun yi nisa muke samun ta.

Ana cikin haka wani Buzu ya biyo da raƙumi ɗaya da ya rage masa, ya ce, “Sannunku mutanen Aduwa Kwance.” Baba yana kwance da ƙafa kamar turmi, amma sai da ya ɗago kai ya sa mutumin nan ya gyara bakinsa. Buzun ya gyara, sa'an nan ya ce ana rabon dawa a Filinge, mota ta kawo, kowane gari ana ba shi.

Muka tashi da asuba mu uku, kowa da masaki a ka, ni da Hadiza a baya. Tafiyar yini ce ga mai ƙarfi, mu sai da muka kwana a hanya. Ban taɓa ganin taro irin wanda muka tarar ba, Buzaye da Fulani da Zabarmawa da namu, kowa da ƙwarya, ba hayaniya sosai don babu mai ƙarfin yi. Muka bi layi rana tana dukanmu. A gaba akwai wani saurayi ma'aikaci da muryarsa ta dusashe, kusa da shi wani tsohon dogari da ya san garuruwan ƙasar. Za ki faɗi garinku, dogari ya gyaɗa kai, a auna miki. Sai da muka kusa kaiwa na ji abin da ake tambaya.

Saurayin ya ce, “Wane gari?”

Yaya Gambi ta sunkuyar da kai. “Garin Baba.”

“Wane Baba? Kowa da babanai. Sunan garin nika tambaya.”

Na buɗe baki, wallahi na buɗe, sunan yana kan harshena, amma ji na yi kamar an ce in tuɓe zane a gaban jama'a. Zali ta fara, “Adu…” Yaya Gambi ta take mata ƙafa. Sunan Baba kunya ta hana, na makiyaya Baba ya hana.

Na ce wa dogarin, “Baba, sunan surukinmu garin yac ci.”

Ya gane. Ya ce, “To, matan wa kuke?”

Muka sake sunkuyar da kai. Ya yi dariyar tausayi ya ce mu koma gefe mu nemo wanda ya san mu. Saurayin ma ba mugu ba ne, ya ce akwai masu zuwa sau biyu da garin ƙarya, ba zai auna ba sai da suna, ga na baya suna turi.

Muka shiga taro muna leƙa fuskoki. Mutanen garinmu da suka tashi kudu suka yi, ba nan ba. Sai bayan la'asar na ci karo da wata ƴar Tabla da muka yi wasan ƙasa tare, ta ce mu je ta faɗa mana. Muka isa ana kakkaɓe buhun ƙarshe, ba a ma saurare ta ba. Aka ce sai mota ta sake zuwa. Ƴar Tabla ta ɗebo mana tafi ɗai-ɗai daga nata, Allah ya jiƙanta.

Da nake ba Bibata labarin na kawo nan, sai ta ce, “Kaka, wagga ai wauta ta.” Ta faɗi abin da ta ga dama, ba da irin abin da aka gina mu aka gina ta ba. Har gobe ban ce mun yi laifi ba. Abin da na sani, a hanyar komawa Hadiza ta yi shiru a bayana har nakan tsaya in sa hannu in ji ko tana numfashi.

Baba ya ja jiki har gindin aduwa yana duban hanya. Tun daga nesa ya gane, don masakin da ke da kaya ba haka yake zama a ka ba. Muka durƙusa nesa da shi, Yaya Gambi ta gaya wa Inna, Inna ta juya ta gaya masa, ko da yake ya riga ya ji komai da kunnensa.  Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya juyo ya yi magana da mu kai tsaye.

“Ɗiyana, sunana yah hana ku hatsi?”



“To ku hwaɗe shi. Ni na yahe muku, duniya da lahira. Gambi, hwaɗi in ji.”

Yaya Gambi ta fashe da kuka. “Baba, ko yanka ni za ka yi, ba shi hita.”

Inna ta ce to a ba mu yaro ya bi mu, jika ai yana faɗin sunan kakansa. Baba ya dubi yaran da ke kwance a inuwa, babu wanda zai kai bayan gari da ƙafarsa. Ya ce, “Ko da akwai, yau yaro, gobe hwa? Maza sun tahi, ƙanena ya tahi. Waɗanga su ka jan ruwa, su ka tonon tururuwa, su sunka riƙe min igiya. Su ka riƙe da garin ga, a ce ba su da bakin hwaɗin sunanai?” 

Washegari bayan sallar asuba ya sa aka tara kowa a bakin rijiya, har yaran aka ɗauko. Ya dafa kafaɗar Inna ya miƙe a kan ƙafa ɗaya. Ya ce, “Iccen ga na ishe nan, ya riga ni. Daga yau garin ga Aduwa Kwance na.” Karo na farko ke nan da sunan ya fita bakinsa. “Wancan kuwa, kada in ƙara jin an kira gari da shi, yaro ko babba.” Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Ita ta ja ƙasar rijiyar nan da kwando, ta fi kowa sanin abin da ya ajiye.

Sai ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. “Gambi, ina garinku?” Ta faɗa. “Zali?” Ta faɗa. “Ta Tabla, ina garinku?”

Na ce, “Aduwa Kwance, Baba.”

“Ban jiya ba. Can mutane da yawa.”

Na ɗaga murya na sake faɗa. Tun da aka kawo ni gidan, ranar na fara yi masa magana baki da baki. Na ga maza a duniya, ban ga wanda ya kai shi ba.

Muka koma Filinge. Da layi ya zo kanmu ban jira Yaya Gambi ba, na faɗa da ƙarfi har saurayin ya ɗago kai. Dogari ya ce, “Rijiyat tsohon nan mai hwaɗa? Shi da ba shi son a ce haka?” Na ce, “Shi yac ce mu hwaɗa.” Ya dube mu ya riƙe baki, sa'an nan ya ce a auna mana har da na tsofaffi. Jar dawa ce mai tauri, sai an daɗe ana daka, tuwonta yana kama maƙogwaro, amma a wurinmu ta fi naman salla. Muka yi ta zuwa muna karɓa. Nonona ya dawo. Hadiza da nake taɓawa in ji ko tana numfashi, yau ita ma kaka ce.

Ranar da ruwa ya sauka, tun kafin ya iso muka ji ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga gabas. Tsawa, sai ɗigo manya-manya, sai ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, muka tsaya a tsakar gida muka ƙi shiga ɗaki. Inna ta tono tulun iri daga inda suka binne shi. Mu uku muka yi saran shuka, yara suna binmu suna zubawa suna takewa, Baba yana zaune a bakin gona da ƙafa a miƙe yana yi mana faɗan mun cika tazara.

Da hatsi ya fara kai mutane suka soma dawowa, maƙeri ya tarar da ƙofarsa a jingine. Mazajenmu suka iso da kaka. Mijina ya ji abin da aka yi, ransa ya ɓaci, ya je ya ce, “Baba, sunanka hwa? Don mata?” Baba ya ce, “Da kad dawo, gari ka ishe ko kango?” Maganar ba ta sake tashi ba. Ya yi ƴan shekaru bayan nan yana ɗingishi, in baƙo ya ce sannunku mutanen Aduwa Kwance, shi ke fara amsawa. Aka binne shi kusa da ɗansa na fari.

Yau garin yana da lakwal da famfo mai aiki da hasken rana, rijiyar an zuba mata siminti, matan da ke ɗibar ruwa ba su san da kwando aka haƙa ta ba. Yaran da suka san tsohon suna, wasu ƙasa ta rufe su, wasu Kurmi ya riƙe. Bibata ta yi ta bina, in na yi alwala tana nan, in na kishingiɗa tana nan. Ni ma maganar ta hana ni sakat. Cewa ya yi kada a kira gari da sunan, bai ce a manta da mai sunan ba. Don mu ci ya ajiye shi. In na tafi da shi kabari, to mu ɗin da ya yi dominmu, mu muka ƙarasa binne shi.

Shekaranjiya ruwa ya sauka mai kyau, har tsakar gida ta cika. Da safe na ce wa Bibata ta nemo mota ta kai ni gida in ga shuka. Muka tarar da gari duk yana gona. Aduwar tana nan, rabinta ya bushe, rabi ganye. Na sa ta kai ni gindinta na zauna. Na ja mayafi na rufe fuskata ruf, na ce, “Kawo kunnenki, marar kunya. Sau guda za ni hwaɗi, in ba ki jiya ba ke kis sani.”

Na faɗa.

Ta ɗago ta ce, “Shi ke nan? Ɗan gajere haka?”

Na ce, “Mai shi ma ba dogo ba na.”

Sai ta miƙe ta kira ɗiyan lakwal da ke bin iyayensu da ƙwaryar iri, ta faɗa musu da ƙarfi, suka amsa gaba ɗaya, suka ruga cikin gonaki suna gaya wa manya. Rabona da jin sunan nan a fili tun ranar da Baba ya sa Buzu mai raƙumi ya gyara bakinsa. Ban buɗe fuskata ba. Ina ƙarƙashin mayafi ina kuka, ina jin sa yana yawo daga gona zuwa gona.

Ku kuma kada ku sa rai zan maimaita, uban mijina ne. Mai son ji ya je Aduwa Kwance ya tambayi yara.